Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu tsara manhajar tarihi: ku sa cinikin bayi na hamada cikin darasin 'ya'yanmu

Zuwa ga masu girma kwamishinonin ilimi na jihohin Arewa, da malamai masana da ke zaman tsara manhajar tarihi ta makarantunmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandaren gwamnati a Kano, na daɗe ina riƙe da alli. Na rubuto muku da yawun wasu abokan aikina da muka sha tattauna wannan magana a ofishin malamai, da kuma yawun waɗanda ba su da bakin faɗa, wato jikokin mutanen da aka kama aka sayar a ƙasar nan, da dangin waɗanda aka kora cikin hamada ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ni ma ina cikinsu, zan zo kan wannan a gaba.

Lokacin da aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, mun ji ciwo ƙwarai. Da gwamnatin tarayya ta sanar da maido da shi a 2022, mun yi murna, mun kuma gode wa duk wanda ya sa hannu. Amma da littattafai suka iso mana, na zauna na buɗe babin fataucin Sahara. Na ga gishirin Bilma da zinariya da goro da jar fatar Kano da baƙin rini. Can a ƙarshen jerin kayan, tsakanin hauren giwa da gashin jimina, aka rubuta kalma guda: bayi. Shi ke nan. Babin cinikin bayi na Tekun Atlantika kuwa yana da shafuka masu yawa, da zanen cikin jirgi, da Badagry da Kalaba, da sunayen waɗanda suka yi gwagwarmayar hana shi. Ba na ƙyashin wancan babin, ko ƙara shi aka yi daidai ne. Kukana shi ne yaron Kano ko Katsina ko Maiduguri zai gama makaranta ya san abin da ya faru a bakin tekun da bai taɓa gani ba, amma bai san abin da ya faru a kasuwar da uwarsa take aikensa ba.

Ƙorafina na farko ke nan: rabin tarihi ake ba mu mu koyar.

Cinikin da ya bi ta Sahara da Bahar Maliya da Tekun Indiya ya girmi na Atlantika da ƙarnuka, ya kuma rayu bayan an rufe wancan. Tun a 652 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin masu mulkin Masar da Nubiya, ƙasar da ke kudu da su a gaɓar Nilu, wadda a cikinta Nubiya za ta riƙa aika bayi 360 duk shekara, kuma an yi kusan ƙarni shida ana kan wannan. A kudancin Iraƙi, baƙaƙen bayin da ake sa wa aikin kankare gishiri daga ƙasar noma a kewayen Basara sun yi tawaye daga 869 zuwa 883, har suka girgiza daular Abbasiyya. A gabashin Afirka, kasuwar bayi ta Zanzibar ba a rufe ta ba sai 1873. Masana da yawa suna ƙiyasta cewa mutanen da aka fitar daga Afirka ta waɗannan hanyoyi, cikin sama da shekara 1,000, sun haura miliyan 10. Na Atlantika wajen miliyan 12 da rabi ne. Ta yaya za a ba ɗaya babi guda, a ba ɗayan kalma guda?

Mu dawo gida. Ayarin da ya tashi daga Kano yakan bi ta Damagaram da Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus. Na Barno yakan tashi daga Kukawa ya bi ta Bilma da Murzuk. Turawan da suka gangaro ta wannan hanya ta biyu a ƙarshen 1822, su Denham da Clapperton da Oudney, sun ba da labarin ƙasusuwan mutane birjik a gefen rijiyoyi, na waɗanda suka ja jiki har suka kusa ruwa sannan rai ya yi halinsa. Barth, Bajamushen matafiyin da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga birnin a kan wajen 5,000 duk shekara. A kasuwar Kukawa har awo ake yi wa yara, wanda ya kai ɗani shida daga idon sawu zuwa kunne shi ake kira sudasi, kuma kuɗinsa ya fi na babban mutum, domin zai jure tafiya kuma zai yi saurin manta gida. Mata sun fi maza yawa a wannan ciniki, saboda aikin gida da ƙwarƙwaranci. Yaran da ake mayarwa babanni, wato a yi musu dandaƙa, don fadodin Masar da Santambul da Hijaz kuwa, da yawansu a wurin yankan suke mutuwa. Har yau akwai unguwa a cikin birnin Kano mai suna Dandalin Turawa, inda fataken Tarabulus da Gadamas suka zauna, tun lokacin da Larabawan arewa ake ce wa Turawa. Ɗalibaina suna wucewa ta nan a Adaidaita Sahu, ba wanda ya taɓa gaya musu abin da sunan yake ɗauke da shi.

Kuma ba a rasa mutanen da za a koyar da labarinsu da sunansu ba. Muhammad Ali Sa'id, haifaffen Kukawa, an kama shi yana yaro, aka ƙetara da shi hamada zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha, har ya shiga sojan Amurka a 1863 lokacin yaƙin basasarsu, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa da hannunsa. Dorugu, Bahaushen yankin Damagaram, an yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Kukawa, aka 'yanta shi, ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, kuma labaran da ya faɗa aka rubuta suna cikin rubutun Hausar boko na farko-farko. A Kano ya ƙare rayuwarsa. Na tambayi aji uku, ban sami yaro ɗaya da ya taɓa jin sunan ɗayansu ba.

Na biyu ya fi ɗaci, kuma na san shi ya sa ake kauce wa maganar gaba ɗaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Sudan da gabashin Afirka an yi masu kai hari da kansu irin su Zubairu Basha da Tippu Tip, da Rabe wanda ya ci Barno a 1893. Amma a ƙasarmu yawanci fatake Larabawa da Abzinawa da Tubawa saye suke yi, kamun kuwa namu ne suke yi. Tun ƙarni na 16 an rubuta cewa a Barno ana ba da bayi 15 zuwa 20 a karɓi doki guda, dokin kuma da shi ake komawa a kamo wasu. Tarihin Kano da kansa ya ambaci Galadima Dauda yana aiko wa Sarki Abdullahi Burja bayi 1,000 duk wata biyu daga yaƙe-yaƙensa na kudu. Masanan da suka bi diddigin daular Sakkwato sun ƙiyasta cewa zuwa 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi a cikinta, yawancinsu a rinji, wato ƙauyen bayi, suna noma. Ko bayan zuwan Turawa abin bai tsaya nan take ba: Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar littafin da yake rubuta harkokinsa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, da lissafin mutanen da mayaƙansa suka kamo daga duwatsun Mandara. Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, amma bautar kanta ba a soke ta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Akwai masu rai yau da aka haifa kafin wannan shekara.

Ranku ya daɗe, ku dubi illar shirunmu. Mutanen da aka riƙa kai wa hari, a ƙasar Gwari da kudancin Zazzau da duwatsun Bauchi da Filato da Adamawa, ba su manta ba. Kakanninsu sun gaya musu dalilin da ya sa tsohon garinsu yake kan dutse. Yaronsu yana zaune a benci ɗaya da namu, shi ya san labarin, namu bai sani ba. Ran da rikici ya tashi aka jefo masa maganar, sai namu ya ɗauka ƙazafi ne da ƙiyayya, shi kuma wancan ya ɗauka rainin hankali ne muke yi da gangan. Wani ɓangare na rashin yardar da ke tsakaninmu daga nan ya samo tushe, kuma ba taron zaman lafiya na kwana biyu a otal ne zai tone shi ba.

Na uku, tsoron da ake yi cewa koyar da wannan tarihi cin mutuncin Musulunci ne. Wani abokin aikina, mutumin kirki, ya taɓa jan hannuna bayan na fito daga aji ya ce: Malam, ka bar wannan magana, kada iyayen yara su ce muna zagin addini. Na fahimci tsoronsa, amma ni a ganina shirun ne yake cutar da addinin, domin yana binne malamai da sarakunan Musulmi da suka ɗaga murya tun kafin wani Bature ya yi tunanin hana bauta.

Wajen 1391, Mai Usman ɗan Idris na Barno ya aika wasiƙa ga Sarkin Masar Barƙuƙ yana kukan cewa Larabawan Juzam suna kai wa ƙasarsa hari, suna kama 'ya'ya Musulmi suna sayarwa a Masar da Sham, yana neman a bincika a sako su. Wasiƙar tana nan, marubutan Masar sun adana ta. A 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda shi kansa an taɓa tasa ƙeyarsa a ɗaure zuwa Marrakesh bayan mamayar Maroko, ya amsa tambayar mutanen Tuwat, a hamadar Aljeriyar yau, da fatawar da ta ce baƙar fata ba ta halatta bautar da mutum, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno da Gobir da Songai cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta ƙarara cewa bautar da 'ya'ya daga cikin Musulmi haramun ne. Hadisin da Bukhari ya rawaito ya sa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Alƙur'ani ya sa 'yanta wuya cikin wuraren da ake kai zakka. Kuma Ahmad Bey na Tunusiya ya soke bauta a 1846, ya riga Faransa da ta yi a 1848, ya riga Amurka da ta yi a 1865.

Gaskiya kuma a faɗe ta duka. Waɗancan malamai Musulmi suke karewa, ba su hana kama wanda ba Musulmi ba, kuma ta wannan ƙofa aka yi ɓarna mai yawa, domin duk garin da aka yi kwaɗayin mutanensa sai a laƙaba masa kafirci. Saudiyya ba ta soke bauta ba sai 1962, Muritaniya sai 1981. Yaro mai shekara 15 zai iya ɗaukar wannan duka idan malamin da ya yarda da shi ne ya gaya masa. Abin da yake faruwa yanzu shi ne a waya yake cin karo da shi, cikin gajeren bidiyo na wanda ya tsani Musulunci, ko na wanda yake rantsuwa cewa ba a taɓa yin haka ba. Wani yaro ya taɓa miƙo mini wayarsa a bakin ƙofar aji, idonsa ya yi ja, ya ce: Malam, da gaske ne, ko sharri suke mana? Na ba shi amsa iya sanina a tsaye cikin minti biyar. Kamata ya yi a ce mun yi mako biyu a kai, da littafi a gabanmu.

Na huɗu shi ne wanda ya shafe ni.

Kakata ta wajen uwa mai kaɗi ce. Har yau ina ganinta zaune a kan tabarma da hantsi, ga abawa a mazari, tana dangwalar alli da yatsa tana murzawa. In kaɗin ya yi mata daɗi sai ta kama wata 'yar waƙa a hankali, baiti biyu ne kawai take ta maimaitawa, kuma ba Hausa ba ce, ba Fulatanci ba, ba Barbarci ba. Na tambaye ta ma'anarta ta ce ita ma ba ta sani ba, waƙar innarta ce. Sai da na girma mahaifiyata ta gaya mini sauran, da murya ƙasa-ƙasa, bayan ta leƙa ta tabbata ba kowa a tsakar gida. An kamo uwar kakata tana yarinya tare da ƙanenta daga wani gari a kudu. Tana da tsagar da ba mai irinta a unguwar, da tabon mari a idon sawunta har ta mutu. A kasuwa aka raba su. Ita wani attajiri ya saye ta aka sa mata sunan bayi, irin su Nagode da Nasamu, shi kuma ƙanen aka haɗa shi da ayarin arewa. Ta ce abin da ta gani na ƙarshe shi ne ƙeyarsa. Ba ta taɓa faɗin sunan garinsu ba, mu kuma ba mu san yaren da za mu nema ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne leƙen da mahaifiyata ta yi kafin ta yi magana. Wanda aka zalunta shi yake jin kunya, jikokin wanda ya saya kuwa suna alfahari da asali. Har gobe in an zo binciken aure ana raɗa cewa gidan su wane cucanawa ne, wato zuriyar bayi, a fasa, ko da yaron hafizi ne mai sana'a. Har gobe in yara suka yi faɗa a filin makaranta za ka ji an ce ɗan bayi, kuma wanda aka faɗa wa yakan yi shiru ne, don ba a taɓa koya masa cewa abin kunyar ba a wuyansa yake ba. A maƙwabciyarmu Nijar abin ya wuce raɗa. An sayar da Hadijatu Mani a 1996 tana da shekara 12 a kan sefa 240,000, a yankin Ƙonni, ta zama abin da ake kira wahaya, wato macen da ake saye a ajiye bayan matan aure huɗu, sai a 2008 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa ƙasarta ta gaza kare ta. Tsakanin Ƙonni da Illela taku kaɗan ne.

Na biyar gajere ne. Hanyar tana nan, kuma tana ci gaba da cin mutane. Motocin da ke tashi daga Agadas su bi ta Dirku zuwa Sabha, tsohuwar turbar Kawar da Fazzan suke bi. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar, yawancinsu mata da ƙananan yara, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. A Nuwamban 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon 'yan ci-rani a Libiya a kan dala 400. Yaran da nake koyarwa suna cikin masu mafarkin wannan tafiya, 'yan matan kuma ana yi musu romon baka da aikatau a ƙasashen Larabawa. Wanda ya san abin da rijiyoyin nan suka gani zai fi yin tambaya kafin ya miƙa fasfonsa ga dillali.

Don haka ga roƙona gare ku.

Ku ba cinikin bayi na Sahara da Bahar Maliya da Tekun Indiya babi nasa mai zaman kansa a ƙaramar sakandare da babba, daidai da na Atlantika, da taswirar hanyoyin da sunayen zangunan. A cikinsa a faɗi wanda ya saya, a faɗi wanda ya kama ya sayar, a faɗi wanda ya yi tsayayya, kada a wanke kowa kuma kada a ɗora wa wata ƙabila ko wani addini laifin duka. Ku sa wasiƙar Mai na Barno da fatawar Ahmad Baba a fassare cikin Hausa da Turanci, yara su karanta da idonsu.

Ku zauna da malaman addini na ɓangarorin biyu da wakilan masarautu da na al'ummomin da aka kai wa hari tun wajen rubuta babin, ba bayan an buga ba. Muna da Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, muna da sassan tarihi a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos, kuma malamansu sun yi shekaru suna rubutu a kan wannan, sai dai rubutun ya tsaya a kantar laburare. Ku ba mu horo mu da za mu tsaya gaban allo, domin wannan darasi ne da in aka koyar da shi da ganganci zai iya raba aji biyu.

Ku yi magana da hukumomin adana kayan tarihi a sa alama a wuraren da abin ya faru, ko da allo ne na ƙarfe mai layi biyar, a tsofaffin kasuwanni da zanguna da rinjoji, a kuma ware ɗaki a gidajen tarihinmu da za mu iya kai ɗalibai su ga mari da sasari. Badagry ta yi nata, 'yan makaranta suna zuwa.

Abu na ƙarshe shi ya fi gaggawa. Ku ware kuɗi kaɗan a tura ɗaliban jami'a da na'urar ɗaukar murya su zauna da tsofaffi, a birni da ƙauye da kan duwatsu, kafin ƙasa ta rufe musu ido. A kuma nemi hulɗa da jikokin mutanenmu da ke can ƙetaren hamada. A birnin Tunis akwai gidan da ake kira Dar Barnu, kuma a kiɗan stambeli da zuriyar bayi suke yi har yau ana jin kalmomin Hausa da na Barbarci. Ni dai na riƙe baitin nan biyu na kakata kamar yadda na ji su, na rubuta su a bayan littafin darasina, kuma a shirye nake in rera su ga duk mai binciken da kuka aiko, ko Allah zai sa a dace da wanda ya san yaren.

Zangon karatu mai zuwa zan sake isa kan wannan babi. Ina fatan kafin nan in ji daga gare ku.

Wassalam. Naku cikin girmamawa,
Malamin tarihi a wata sakandaren gwamnati, Kano.